Abin Da Ke Sa Launin Bidiyo Ya Jirkice A Kwamfuta

Sau da yawa akan ji ma'aikata a ofisoshi da ɗalibai a makarantu suna kukan cewa kwamfutarsu ta lalace, don kawai sun kunna bidiyo sun ga launinsa ya jirkice. Wani sai ya ga fuskokin mutane sun koma shuɗi kamar an tsoma su a rijiyar marina, wani ya ga hoton ya koɗe kamar tsohon zanen da ya sha wanki, wani kuwa ba ya ganin kome sai kore fal allo, alhali murya tana fita sarai. Abin da yawanci kan biyo baya shi ne a ɗauki na'urar a kai wa mai gyara, a kashe kuɗi wajen sayen sabon allo, a komo gida a tarar cutar tana nan inda aka bar ta. Irin wannan ne Hausawa ke cewa an bar jaki ana dukan taiki.

Al'amarin ya wuce na masu kallon fina-finai don nishaɗi. Ɗalibin kimiyya da ke kallon yadda ruwan gwaji ke sauya launi a cikin kwalba, da ɗalibin aikin gona da ake nuna masa alamun cuta a jikin ganyen dawa, da na aikin asibiti da ke koyon bambanta ƙuraje a fatar mutum, duk launin nan shi ne darasin da suke nema. In ya jirkice, to sun koyi abin da ba shi ke nan ba. Haka nan ma'aikacin da aka ɗora wa nuna rahoton ma'aikatarsa da majigi gaban manya, ba ƙaramar kunya zai sha ba in tutar ƙasa ta fito da wani launi dabam. Saboda haka ya kamata mai amfani da kwamfuta ya san cewa a mafi yawan lokuta allon lafiyarsa lau, kuma irin jirkicewar da launin ya yi ita kanta takan nuna inda ɓarnar take.

Yadda allo ke haɗa launi

Allon kwamfuta, kome girmansa, ƙananan ɗigogi ne aka jera sahu-sahu. Allon da ake ce wa mai 1920 da 1080 yana ɗauke da ɗigo 2,073,600. Kowane ɗigo kuwa ya kasu uku, ɗaya yana ba da hasken ja, ɗaya kore, ɗaya shuɗi, sai dai ƙanƙantarsu ta sa ido ba ya rarrabe su. Daga waɗannan ukun ne ake samun sauran launuka duka. In aka haɗa ja da kore sai a sami rawaya, in aka haɗa ja da shuɗi sai a sami shunayya mai haske, in aka kunna duka ukun da ƙarfinsu sai a sami fari, in aka kashe su kuma baƙi ke nan. Tun a shekarar 1861 wani masani ɗan ƙasar Sikotilan mai suna James Clerk Maxwell ya nuna wa jama'a a birnin Landan cewa ana iya haɗa hoto mai launi da hasken nan guda uku, domin idon ɗan Adam ma da irin ƙwayoyin gane launi kashi uku yake aiki.

Kwamfuta takan auna ƙarfin kowane ɗaya daga cikin ukun nan da lamba, daga 0 zuwa 255, watau matakai 256. Lamba 0 na nufin babu haske sam, 255 kuwa hasken ya kai maƙura. In aka haɗa matakan ukun wuri guda sai a sami launi iri 16,777,216.

Yadda bidiyo ke ajiye launi

To, amma shi bidiyo ba da wannan lissafi yake ajiye launinsa ba, kuma a nan ne tushen matsalar yake. Bidiyo ya gaji tsarinsa ne daga talabijin. Lokacin da aka zo fara watsa shirye-shirye masu launi, gidajen mutane cike suke da akwatunan fari da baƙi waɗanda ba za a ce a zubar da su ba. Sai aka ɗauki dabarar wani injiniya Bafaranshe, Georges Valensi, wadda ya yi wa rajista a 1938, watau a raba hoto gida biyu, a aika da hasken dabam, a aika da launin dabam. Tsohon akwati ya ɗauki hasken kaɗai ya nuna fari da baƙi, sabo kuma ya haɗa duka biyun. Bisa wannan ne Amurka ta kafa tsarinta na NTSC a 1953, daga baya aka fara aiki da PAL na Jamus da SECAM na Faransa a 1967. Nijeriya ta bi PAL, Jamhuriyar Nijar ta bi SECAM, kuma shi ya sa a zamanin kaset ɗin bidiyo, kaset ɗin da aka ɗauka da tsarin SECAM in aka sa shi a injin PAL sai hoton ya fito fari da baƙi. Kaset ɗin lafiyayye ne, injin ma haka, harshensu ne bai zo ɗaya ba.

Har yau bidiyon da ke cikin kwamfuta da wayar hannu da wannan rabon yake tafiya. Kowane ɗigo yana da lamba ɗaya ta haske, sa'an nan akwai lambobi biyu na launi, ɗaya tana faɗin yadda ɗigon ya karkata ga shuɗi, ɗayar kuma yadda ya karkata ga ja. Kore ba a rubuta shi, lissafo shi ake yi daga abin da ya rage. Dalilin da ya sa ba a bar tsarin ba shi ne tsimi. Ido ya fi kula da haske bisa launi, don haka a yawancin bidiyo ɗigo huɗu ne ke tarayya a kan bayanin launi guda, mai kallo kuwa ba ya lura. Ba don irin wannan tsimi da sauran dabarun matse bidiyo ba, da fim na awa ɗaya a kan allon da aka ambata a sama, mai hoto 25 a kowace daƙiƙa, zai ci wajen gigabait 560.

Ke nan duk sa'ad da aka kunna bidiyo, akwai aikin tafinta da ake yi a cikin kwamfuta. Manhajar kallo takan warware fayil ɗin da aka matse, sashen sarrafa hoto ya juya lambobin haske da launi zuwa ja da kore da shuɗi, sa'an nan a tura su ta waya zuwa allo. Kuskure a ɗaya daga cikin matakan nan ya isa ya ɓata launin, allo kuwa abin da aka miƙa masa kawai yake nunawa.

Gwaji uku kafin a taɓa kome

Kafin mutum ya kwance ko da noti ɗaya, akwai gwaji uku da ba su cin ko kwabo. Na farko, ya rage girman bidiyon ya dubi sauran allon, ko ya buɗe farar takarda a manhajar rubutu. Idan farin takardar fari ne tas, sauran hotuna ma suna nan da launinsu, bidiyon kaɗai ne ya jirkice, to allo da wayarsa sun kuɓuta daga zargi.

Na biyu, ya kunna wani bidiyo dabam, sa'an nan ya kunna wanda ya ɓaci ɗin da wata manhajar, ko ya tura shi cikin wayar hannu ya gani. In bidiyo ɗaya ne tak ke yin haka a ko'ina aka sa shi, laifin na fayil ɗin ne. In duk bidiyo suna yi a manhaja guda amma suna fita daidai a wata, laifin na manhajar ne. In kuwa kowace manhaja aka gwada abin ɗaya ne, sai a koma kan sashen sarrafa hoto da manhajar da ke tuƙa shi, wadda ake kira direba.

Na uku, ya ɗauki hoton allon da maɓallin da aka tanada don haka, ya tura wa wata na'ura ya duba. Wannan hoto daga cikin kwamfutar ake ɗaukarsa kafin ya fita zuwa allo. Idan ɓacin launin ya bayyana a cikinsa, cutar tana ciki. Idan ya fito lafiya, to tana kan hanyar fita, watau saitin fitarwa, ko waya, ko allon kansa.

Idan allon duka ne ya rine

Inda ake yawan gamuwa da wannan shi ne ɗakunan taro da azuzuwan da ake amfani da majigi. Da yawa daga cikinsu har yanzu da wayar VGA ake haɗa su, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987, mai kai mai allurai 15, galibi shuɗi. Allura ta farko ita ke ɗauke da ja, ta biyu kore, ta uku shuɗi. In ɗaya ta lanƙwashe ko ta karye, ko wayar ta tsinke daga ciki saboda yawan naɗewa da takawa, sai launin nan ya ɓace gaba ɗaya. Mai lura yana iya faɗin allurar da ta ɓaci ba tare da ya duba ba. In fari ya koma rawaya, shuɗi ne babu. In ya koma ruwan hoda ko shunayya, kore ne babu. In ya koma shuɗi mai haske da ya karkata ga kore, ja ne babu. Maganin kuwa shi ne a ɗaure notin kan wayar da kyau, in bai yi ba a sauya wayar.

Wayar HDMI ita ma tana da tata cutar. Duk sa'ad da aka haɗa ta, kwamfuta da talabijin ko majigi sukan yi yarjejeniya a kan harshen da za su yi magana da shi, ko na ja da kore da shuɗi, ko na haske da launi. In suka saɓa, ɗaya yana aikowa da wannan ɗayan yana karantawa da wancan, sai allon duka ya rine da ruwan hoda ko kore. Sau da yawa kashe na'urorin biyu, da zare wayar a mayar, sa'an nan a fara kunna talabijin ɗin kafin kwamfutar, ya isa su sake shiryawa.

A kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa, akwai wata siririyar waya da ta bi ta cikin maganaɗin murfi zuwa allo. In aka ga launin yana sauyawa sa'ad da ake ɗaga murfin ko ake sunkuyar da shi, ita ce ta fara gajiya, kuma kuɗinta bai kai na allo ba ko kusa. Har ila yau akwai abin da ba cuta ba ne sam. Tun 2017 manhajar Windows take da wani saiti na hasken dare, wanda ke rage shuɗi don ido ya huta, sai allon ya yi ja-ja ko rawaya-rawaya da yamma. Akwai kuma saitin da aka yi domin masu matsalar gane launi, wanda yana iya mayar da allon duka fari da baƙi. In yaro ko abokin aiki ya kunna ɗayansu bisa kuskure, kashe shi ne kawai maganin.

Idan bidiyon kaɗai ne

Cutar da ta fi kowace yawa ita ce koɗewa, watau baƙi ya koma ruwan toka, fari ya dusashe, hoton ya yi kamar ana kallonsa cikin hazon hunturu. Dalili kuwa shi ne, yayin da kwamfuta ke ƙirga haske daga 0 zuwa 255, shi bidiyo daga 16 yake farawa ya tsaya a 235. A wurinsa 16 shi ne baƙi ƙirin, 235 shi ne fari fat. Wajibi ne mai fassara ya buɗa waɗannan lambobi su cike ma'aunin kwamfuta. In bai yi ba, baƙin bidiyo zai tsaya a 16, wanda a wurin allo toka-toka ne. In kuma aka yi buɗawar sau biyu, sai a sami akasin haka, wuraren inuwa su toshe su zama baƙi, fararen riguna su rasa aikin da ke jikinsu. Ana gyara wannan a cikin manhajar saitin sashen hoto, ko na Intel ne ko AMD ko Nvidia, inda aka ba da zaɓi tsakanin cikakken ma'auni da taƙaitacce. Allon kwamfuta cikakken yake so. Talabijin kuwa yawanci taƙaitaccen ya saba da shi, kuma abin da ake bukata shi ne ɓangarorin biyu su tsaya a kan abu guda.

Akwai wata jirkicewar da ba ta kai wannan fitowa fili ba. Hukumar sadarwa ta duniya ta tsara ƙa'idar lissafin launi mai lamba 601 a 1982 domin talabijin na da, ta tsara mai lamba 709 a 1990 domin mai hoto tangaran, sa'an nan mai lamba 2020 a 2012. A ƙa'idar farko, ja yana da kusan kashi 30 cikin 100 na hasken ɗigo, kore 59, shuɗi 11. A ta biyu kuwa ja 21 ne, kore 72, shuɗi 7. In aka ɗauki tsohon bidiyo aka fassara shi da sabuwar ƙa'ida, ja yakan karkata zuwa ruwan lemo, kore ya ƙara duhu. Wannan yakan faru ne idan wanda ya juya bidiyon daga kaset ko faifai bai rubuta wa fayil ɗin ƙa'idar da ya bi ba, manhajar kallo kuma ta yi kirdado. Ma'aikatun da ke mayar da tsofaffin kaset ɗinsu cikin kwamfuta domin ajiya ya kamata su kula da wannan tun wajen juyawa.

Koren allo da murya tana fita shi ma yana da bayani. In na'urar da ke warware bidiyon ta kasa, ba ta miƙa kome sai sifiri, kuma in aka fassara sifiri uku daga lissafin bidiyo zuwa na allo, abin da ke fitowa kore ne. Yawanci hakan kan faru ne idan tsohuwar kwamfuta ta gamu da sabon salon matse bidiyo. Salon H.264 na 2003 kusan kowace na'ura ta san shi, amma H.265 na 2013 ya fi ƙarfin sashen hoton kwamfutoci da yawa na hannu da ake shigowa da su.

Shuɗin fuska kuwa alama ce ta an musanya lambobin launin nan biyu, an karanta ta ja a gurbin ta shuɗi. An ga haka a ƙasashe da dama a 2012, lokacin da wani sabon zubi na manhajar Flash ya riƙa mayar da fuskokin mutane shuɗi a YouTube ga masu amfani da Linux da katin hoto na Nvidia. Ba allon kowa ne ya lalace ba, kuma da aka kashe saiti ɗaya launin ya komo.

Sabuwar cuta ita ce ta bidiyo mai faɗin haske, wanda ake kira HDR. Shi matakai 1,024 yake amfani da su maimakon 256, kuma lissafin haskensa dabam ne. Wayoyin iPhone tun daga ta 12, wadda ta fito a 2020, suna ɗaukar irinsa, haka ma wasu manyan wayoyin. In aka ɗauki taro ko biki da irin wayar nan aka tura cikin kwamfutar ofis, sai a ga hoton ya koɗe ko ya yi fari da yawa. Wasu fina-finan da aka yi da tsarin Dolby Vision kuwa shunayya da kore suke fitowa a manhajar da ba ta san shi ba. Mafita ita ce a nemi manhajar da ta iya sauko da shi daidai ƙarfin allon, ko a kashe wannan saiti a wayar kafin a ɗauki abin da za a nuna a ofis.

Saura fayil ɗin da ya ɓaci wajen turawa. Bidiyo ba ya ajiye kowane hoto cikakke, yakan ajiye ɗaya ne cikakke, na bayansa kuma ya rubuta bambancinsu da shi kawai. In wannan cikakken ya sami rauni saboda yankewar intanet, ko an zare filashi kafin a gama kwafa, sai a ga launuka suna malala kamar fenti, ko hoton ya farfashe murabba'i-murabba'i, bayan 'yan daƙiƙu ya warke da kansa. In a daidai wuri ɗaya yake yin haka kullum, babu saitin da zai gyara shi, sai a sake samo fayil ɗin.

Matakan gyara

Mataki na farko shi ne a kashe kwamfutar a kunna. A Windows ma ana iya farfaɗo da direban hoto kaɗai ta hanyar danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B gaba ɗaya, allon zai ƙyafta ya dawo. Na biyu, a duba ko wani ya taɓa ma'aunin launi a cikin manhajar kallo, a mayar da shi yadda ya zo. Na uku, a kashe saitin da ke miƙa aikin warware bidiyo ga sashen hoto, wanda a rubuce za a gan shi da sunan "hardware acceleration" ko makamancinsa. Yana nan a cikin saitin Chrome da Firefox, yana nan kuma a VLC, manhajar kyauta wadda ɗaliban wata makarantar injiniya a Faransa suka fara. Wannan mataki shi ke warkar da yawancin koren allo da shuɗin fuska. Sai dai a sani cewa yana ɗora aikin a kan ƙwaƙwalwar kwamfutar, batir ya riƙa saurin ƙarewa, abin da ba ƙarami ba ne inda wutar lantarki ba ta zama. Don haka ya fi kyau a bi shi da mataki na huɗu, watau a sauko da sabon direba daga wurin kamfanin da ya ƙera na'urar, sa'an nan a mayar da saitin a gani. In kuwa cutar ta soma ne bayan an sabunta direban, to na da ɗin za a koma wa. Kuma lalle ne a riƙa sauya abu ɗaya a gwada kafin a taɓa na gaba, in ba haka ba ko an warke ba za a san maganin da ya yi aiki ba.

Akwai dai lokacin da na'urar ce da kanta ta kamu. Idan aka ga ɗigogi masu launi ko layuka suna bayyana a ko'ina a allon tun kafin Windows ta buɗe, ko suna ƙaruwa yayin da kwamfutar ta ɗauki zafi, to sashen hoton ne ke wahala. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙofofin iska, zafin bazara kuma ya ƙarasa sauran. Wani lokaci share ƙurar ya wadatar, wani lokaci sai an kai ga gwani. Ko a nan ma, kafin a yarda a sayi sabon allo, a haɗa kwamfutar da talabijin ko wani allon a gani. In hoton ya fito lafiya a can, allon ne ko wayarsa. In ɓacin ya bi shi har can, sabon allo ba zai yi maganin kome ba.

Wanda ya je wurin mai gyara yana iya faɗin irin launin da ya ɓace, da ko allon duka ne ko bidiyo kaɗai, da abin da ya gani sa'ad da ya gwada wani allon, ya sauƙaƙa wa mai gyaran aiki, shi kuma da wuya a sayar masa da abin da ba ya bukata. Ma'ajin ofisoshi da shugabannin makarantu su ma za su rage asarar kuɗin jama'a in suka sa aka riƙa yin gwajin nan kafin a rubuta cewa na'ura ta mutu, tare da ajiye wayar haɗi guda ta ko-ta-kwana a kowane ɗakin taro.